Yadda Ake Tsara Waƙa a Kan Raga ta Indiya, a Naɗe ta a Ɗaki

Wanda ya tashi da waƙoƙin finafinan Indiya a kunnensa, ranar da ya fara zama gaban fiyano ko kwamfuta don yin nasa kiɗan, abin da hannunsa ke fara lalube shi ne sautin sitar, molon Indiya, da na tabla, tagwayen gangunansu. Ya ɗora su, ya saurara, sai ya ji abin bai kama ba. Kayan na Indiya ne, tafiyar kuwa ta wani wuri ce dabam. Ni ma ta nan na faro, na shafe makonni ina canja sautuka, kafin na gane cewa ƙamshin kiɗan nan yana cikin yadda murya ke tashi daga wannan sauti ta isa wancan, da inda take sauka a cikin bugu.

Kada ƙanƙantar ɗakinka ta karya maka gwiwa. A. R. Rahman, wanda ya fara kiɗan fim a 1992, a bayan gidansu a Chennai ya kafa situdiyonsa na farko. Waya ko kwamfuta, makirfo, abin sawa a kunne da haƙuri sun isa a fara.

Mataki na farko: kafa Sa

Indiyawa suna kiran sautukansu bakwai Sa, Re, Ga, Ma, Pa, Dha, Ni. Sa ba shi da wani maɓalli da aka yanka masa a fiyano. Duk inda muryar mawaƙi ta zauna daram, nan ne Sa ɗinsa, sauran kuma daga nan ake auna su. Maza da yawa suna kafa shi wajen maɓallin C ko baƙin maɓallin da ke binsa, mata kuma wajen baƙaƙen da ke tsakanin G da B. Rera wani abu yadda ka saba ba tare da takura ba, ka nemo sautin da kake yawan komawa kansa, ka tabbatar kana iya sauka ƙasa da shi kaɗan, kana kuma iya hawa har Sa na sama ba tare da ka shaƙe ba.

Daga nan sai ka kunna tanpura. Ita ce doguwar molon nan mai tsirkiya 4 da ake ji tana ruri a bayan kiɗa ba ta canjawa, yawanci a saita ta Pa, Sa, Sa, da Sa na ƙasa. Akwai manhajojin waya da ke yin sautinta, wasu kyauta. Ka bar ta tana yi, ka riƙe Sa da muryarka na 'yan mintuna har ka ji muryar ta narke cikinta. Wannan zaman yana gundurar mai gaggawa, amma duk abin da za ka gina a kansa zai tsaya.

Mataki na biyu: ɗauki raga ɗaya, ka zauna da ita

Raga, wato tsarin da Indiyawa ke ɗora karin waƙa a kai, ta wuce jerin sautuka. Tana da hanyar hawa, da hanyar sauka, da sautin da ake daɗewa a kai, da 'yan jimlolin da ake gane ta da su kamar yadda ake gane mutum da takunsa tun bai juyo ba. A arewacin Indiya, Vishnu Narayan Bhatkhande, wanda ya rasu a 1936, ya kasa ragogin gida 10. A kudu kuma, inda ake kiɗan Karnatik, uwayen ragogi 72 ne. Mai farawa ba ya bukatar haddace wannan. Guda ɗaya ta ishe shi wata guda.

Ina ba da shawarar Bhupali. Sautukanta 5 ne: Sa, Re, Ga, Pa, Dha, babu Ma babu Ni. Idan Sa ɗinka C ne, maɓallan su ne C, D, E, G, A. Idan kuma ka kafa Sa a kan na farkon baƙaƙen maɓallai uku da ke jere, duk ragar tana kan baƙaƙe, ba sai ka taɓa fari ba. Kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, domin da yawa daga waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya.

Sai dai a nan ne tarkon yake. Akwai wata raga, Deshkar, wadda sautukanta su ne dai waɗannan biyar ɗin, ba ƙari ba ragi. Bhupali ta farkon dare ce, tana hutawa a kan Ga, tana son ƙasa-ƙasa da nutsuwa. Deshkar ta safe ce, tana ɗaga kai sama, tana tsayawa a kan Dha, ba ta ba Re muhimmanci. Idan ka yi ta zama a kan Dha na sama, ka bar Bhupali ba ka sani ba. Saboda haka ka rera wannan jimla har ta zauna maka: Ga Re Sa Dha, wato Dha na ƙasa, sannan Sa Re Ga, Pa Ga, Dha Pa Ga Re Sa. Ka rera ta a hankali, ka ja Ga ɗin. Ka saurari mawaƙan gargajiyar Indiya uku ko huɗu suna yin Bhupali, ka lura da inda kowannensu ke numfasawa.

Bayan ta, Yaman ce ake yawan koya wa ɗalibai. Tana da sautuka 7 duka, amma Ma ɗinta an ɗaga shi maɓalli ɗaya, kuma an fi shigarta ta Ni na ƙasa, Re, Ga, a tsallake Sa. Bhairavi, wadda ake rufe taro da ita, Re da Ga da Dha da Ni ɗinta duk an sauke su. A bar ta sai gaba.

Mataki na uku: zaɓi tala

Tala zagayen bugu ne mai komawa mafarinsa, mafarin kuma sunansa sam. Biyu sun isa mai waƙar fim ko ta soyayya. Keherwa bugu 8 ce, huɗu-huɗu, masu tabla suna faɗinta da baki Dha Ge Na Ti, Na Ka Dhi Na. Dadra bugu 6 ce, uku-uku: Dha Dhi Na, Dha Ti Na, tana da rangaji. Tintal mai 16 da Rupak mai 7, wadda ake kasawa uku, biyu, biyu, suna nan suna jiranka. Ka faɗi kalmomin da bakinka kana tafa hannu a kan sam kafin ka kunna na'ura.

Mataki na huɗu: amshi kafin baiti

Abin da muke ce wa amshi su suna kiransa mukhda, baiti kuma antara. Ka fara da amshin, da murya, tanpura da tabla suna tafiya, hannunka ba ya kan fiyano. Dalili shi ne yatsa yana zuwa inda ya saba, murya kuwa tana bin abin da kunne ya ji. Kunna rikodar waya ka yi ta gwadawa na minti 20, sannan ka saurara ka tsamo layin da ya maƙale maka.

Ga sirrin da na fi so a gane: amshin Indiya sau da yawa ba ya farawa a kan sam, zuwa yake yi ya sauka a kansa. A Keherwa, gwada shiga a bugu na 6 ko na 7, yadda kalmar da ta fi nauyi a layin za ta faɗo daidai kan sam, a kan Ga ko Sa, da wasali mai tsawo. Wannan saukar ita ce ke sa mai sauraro ya gyaɗa kai. Amshin ya zauna tsakanin Dha na ƙasa da Pa. Baitin shi ne zai hau, ta Ga, Pa, Dha ya kai Sa na sama, ya ɗan tsaya can, sannan ya gangaro ya miƙa wa amshi hannu. Layin ƙarshe na baiti dole ya bar ƙofar da amshi zai shigo. Idan kana jin sai ka yi tsalle kafin ka koma, gyara layin.

In da Hausa za ka rubuta kalmomin, kada karin waƙar ya take karin harshe. Gaɓar da ke sama a magana, in ka jefa ta ƙasa sosai, kalmar tana iya komawa wata. Faɗi layin kamar kana hira, ka ji hawa da saukarsa, sannan ka nema masa gurbi cikin raga. In kuma da Hindi ne, ka nemi wanda ya iya ya gyara maka furuci tun kafin naɗi.

Don rufe sashe akwai tihai, wato a maimaita gajeriyar jimla sau 3 ta ƙare a kan sam. Mafi sauƙi a Keherwa: fara a bugu na 1 da Ga Re Sa, Ga Re Sa, Ga Re Sa, kowane sauti bugu ɗaya. Tara ke nan, kuma Sa na ƙarshe zai faɗo kan sam na gaba. Sau ɗaya ko biyu a waƙa ya wadatar.

Mataki na biyar: ja sauti, kada ka yanke shi

Suna ce masa mind: murya ta silalo daga sauti zuwa sauti ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Mai goge yana yi, mai kalangu ma da ya matse tsirkiya a hammata abin da yake yi ke nan, kuma mai tabla yana yin irinsa da gindin tafin hannu a kan babbar gangar hagu. Indiyawa sun ɗauki wannan da nauyi har gidan rediyon ƙasarsu ya haramta harmoniyam, wani akwatin kiɗa mai maɓallai da zuga-zugi, daga 1940 zuwa 1971, kuma cikin laifuffukan da aka ɗora mata har da kasa jan sauti. Fiyanonka ma wannan naƙasar gare shi.

Maganinta ɗan wilin da ke gefen hagun fiyano mai lanƙwasa sauti. Yawancin fiyano suna zuwa a saite ya lanƙwasa tazarar maɓalli 2 kawai, alhali manyan jan Bhupali, daga Pa zuwa Ga da daga Sa zuwa Dha, kowanne maɓalli 3 ne. Shiga saiti ka mai da shi 3. Ka ja a santsi, kada ka tsaya a hanya, domin in Ma ko Ni suka fito fili ka karkata zuwa wata ragar, Shuddh Kalyan. Sautin sarewa da na goge sun fi karɓar wannan ja. In kana da abokin da ke busa sarewar gora ta gaske, roƙe shi ya zo. Layi huɗu daga bakinsa sun fi awa guda kana gyaran na na'ura.

Mataki na shida: kod, kaɗan-kaɗan

Kiɗan gargajiyar Indiya ba ya canja kod, wato haɗin sautukan da ake dannawa tare, na fim ne ya shigo da shi. In za ka sa, gina su da sautukan ragar. Da Sa a C, haɗin C, E, G da na A, C, E suna cikin gida. Kod ɗin F da na G cikakke suna ɗauke da F da B, baƙi ne a Bhupali. Danna G da D kawai, ko G, C, D. Kashe rakiyar da fiyano ke yi da kansa, ita ce ta fi saurin mai da waƙa ta Turawa. Ka kuma tabbatar ƙaramar gangar tabla tana kan Sa ɗinka, domin ganga ce mai sauti tsayayye, kuma duk sautin tabla da aka naɗa an naɗa shi ne a wani maɓalli. In ya saɓa, ɗaga shi ko sauke shi a manhaja.

Mataki na bakwai: naɗi

Audacity a kwamfuta da BandLab a waya kyauta ne, kuma suna ɗaukar layi-layi. Jera aikin haka: tanpura da tabla, sai muryar gwaji, sai kayan kiɗa, sai murya ta gaskiya a ƙarshe. Sa abin kunne don kada kiɗan ya koma cikin makirfo. Kashe fanka, ka nemi lokacin da janareton maƙwabta ya yi shiru. Jingina katifa a bango bayanka, ka rataya bargo a gefe; ɗaki mai kaya da labule ya fi wanda yake fayau. Bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirfo, ka ɗan karkatar da shi don iska, musamman ga mai sarewa. Ƙarar kada ta kai jan launi a ma'aunin manhajar. Mafi ƙarfin wuri ya tsaya wajen 6 zuwa 12 ƙasa da sifili a ma'aunin. Ɗauki kowane baiti sau 3, ka zaɓa washegari da kunnen da ya huta.

Wajen haɗawa, murya ce sarauniya. Tanpura ta yi ƙasa har sai an cire ta za a san tana nan. Amsa-kuwwa tana yi wa waƙar Indiya kyau, amma in ta yi yawa sai ta haɗiye ƙananan lanƙwasar murya. Auto-Tune kuwa ina roƙonka ka yi hattara da shi: aikinsa ya fizgo murya zuwa maɓalli mafi kusa, wato ya datse jan da ka sha wahalar koya ya mai da shi matattakala. In dole ne, sassauta saurinsa, ko ka gyara sautin da ya kauce shi kaɗai da hannu.

Mataki na takwas: ba 'yan'uwa su ji

Raga ba mallakar kowa ba ce, amma karin waƙar wani da naɗinsa nasa ne, don haka kada ka yanko daga waƙar fim ka liƙa a taka. Idan za ka tura wa abokan sana'a ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, saƙon murya yana rage ingancin sauti. Rubuta sunan raga, da tala, da maɓallin da Sa yake, domin mai gyara ya san ma'aunin da zai auna ka da shi. Kada ka tambaya "ya yi daɗi?", kowa zai ce ya yi. Tambayi abu takamaimai: amshin ya sauka kan sam? A baiti na biyu na daɗe kan Dha har ta koma Deshkar? Muryar tana kan tanpura a Sa na sama? Adana layukan a rarrabe, kada ka goge su bayan haɗawa, don in amsa ta dawo cewa baiti na biyu ne ya kauce, shi kaɗai za ka sake ɗauka.