Kurakuran da Na Gaji da Gani a Hannun Sababbin Masu Ɗaukar Hoto

Duk yaron da ya zo koyon hoto wurina, in na nuna masa aibin aikinsa, amsarsa ɗaya ce: "Oga, ai zan gyara a kwamfuta." Na gaji da jin wannan magana. Abin da kyamara ba ta kama ba a lokacin da ka danna, Photoshop ba zai dawo maka da shi ba.

Babban abin da ke kayar da ku shi ne farin kaya. Kyamara tana auna haske ne bisa zaton duk abin da ke gabanta toka-toka ne, ba fari ba, ba baƙi ba. Ango ya sha farar shadda, abokansa ma haka, sai ta ga fari ya cika ko'ina, ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Shaddar ta fito dushi-dushi kamar ta kwana biyu a jiki, fuskokin kuma, da ma fatarmu baƙa ce, su nutse cikin duhu.

Wannan ya taɓa cin kasuwata. Ɗaurin aure ne bayan sallar Juma'a, rana tsaka, na yi ta ɗauka ina leƙa allon bayan kyamara ina jin daɗi. Ashe hasken allon na ƙure, shi ke ruɗina. Da na buɗe hotunan a gida gabana ya faɗi: idanu da haƙora kawai ake gani. Na ɗaga hasken, fuskoki suka yi yashi-yashi. Mahaifiyar ango ta duba guda uku ta ture kwamfutar, ta ce ɗanta ba haka yake ba. Gaskiyarta ce. Cikon kuɗina ban karɓa ba, kuma gidan ba su sake kirana ba har yau.

Tun daga ranar nake amfani da maɓallin nan mai alamar +/-, na ƙara ko rage hasken hoto. In fari ya yi yawa, ina ƙara +0.7 ko +1. Amma a kula, cikin rana in ka ƙara, aikin wuyan rigar zai ƙone ya zama fari fat, kuma wurin da ya ƙone a JPEG, wato hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, ya tafi ke nan. Shi ya sa nake kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allo. Mafi sauƙi ma, ja mutanen zuwa inuwar katanga ko bakin zaure. Wasu abokan sana'a sun fi son filasha da rana. Ni dai inuwa da farin kwali a hannun yaro, yana mayar da haske kan fuska, sun ishe ni.

Na biyu, tsoron ISO, wato lambar da ake ɗagawa don kyamara ta iya ɗauka a wurin da haske ya yi ƙaranci. Wa ya gaya muku haramun ne a wuce 400? Ku shiga ɗakin taro da dare a kan Auto, kyamara ta sauke saurin ƙiftawarta zuwa 1/15 na daƙiƙa, amarya na rawa, a samu hoto kamar aljana ta gilma, sannan ku ce kyamarar ce ba ta da kyau! Hoto mai ɗan yashi a ISO 1600 ko 3200 ana biyan kuɗinsa, wanda ya girgiza kuwa sai shara. Juya zuwa S in Nikon ce, Tv in Canon ce, ka zaɓi saurin da kanka. Mutum a tsaye, kada ka sauka ƙasa da 1/125. Masu rawa 1/250 zuwa sama. Dawakin hawan Sallah in sun zo a sukwane, 1/1000 nake sawa.

Sai masu sabon gilashin kyamara na 50mm da suka gano f/1.8, wato buɗe ƙofar hasken gilashin sosai, suka ƙi sakinsa. Bayan hoto ya narke, ya yi kyau, na yarda. Amma dangi layi uku a f/1.8? Na gaba kaɗai za su fito. Rage buɗewar, koma f/5.6 ko f/8.

Saita a kan idon mutum, ba hancinsa ko hularsa ba, kuma da ɗigon saiti guda ɗaya. Dubi bayansa kafin ka danna, kada falwaya ta tsiro masa a ka. In fitilun wurin sun mayar da fata ruwan ɗorawa, gyara ma'aunin fari, wato saitin da ke daidaita launi, nan take da farar takarda. Memori kuma a cikin kyamarar ake yi masa fomat, wato a share shi gaba ɗaya, bayan ka tabbatar ka kwashe komai.

Lokacin hunturu kada ka kuskura ka cire gilashi a waje. In ya zama dole, shiga mota ko ɗaki, kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa. In kana zargin ƙura ta shiga, ɗauki sararin sama a f/16, ɗige-ɗigen za su bayyana. Da 'yar robar hura iska ake kore su, ba da baki ko gefen riga ba.