Kurakuran da ayarin masu yawon buɗe ido suka fi yi a tsibiran Legas

Mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12 sukan yi karo-karo bayan Sallah ko a ƙarshen shekara, su ɗauki shatar mota domin kai iyali ko ɗaliban Islamiyya ganin Tsibirin Legas, wasu kuma su zarce har Tarkwa Bay, wurin shaƙatawa a gaɓar teku. Yawancin abin da ke ɓata irin wannan tafiya tun daga gida ake tahowa da shi, kuma galibi batun lokaci ne.

Babban kuskure shi ne tashi a makare. Sai a sa ƙarfe bakwai, a tsaya jiran mutum biyu har tara, sannan a hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 a ranar aiki, lokacin da ma'aikata suke kwarara zuwa tsibiri. Gyaran shi ne a zaɓi ƙarshen mako, a tashi bayan sallar asuba, a kuma sanar tun wuri cewa mota ba za ta jira kowa ba. Jagoran da ya san aikinsa yakan fara tsayar da lokacin dawowa, sannan ya tsara sauran yinin a kansa.

Daga nan sai kwaɗayin ganin komai a yini ɗaya. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, shi kaɗai yana iya cinye hantsi, domin a nan aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, kuma da wuya dattijon Arewa ya ga ramukan harsashi a jikinta ya wuce da sauri. Dandalin Tafawa Balewa yana kusa, ana iya takawa da ƙafa. Idan aka ƙara da Freedom Park, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka da ke titin Broad, aka yi azahar a Babban Masallacin Legas, aka leƙa masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, to yini ya cika. A ganina, ayarin da ke da yara da tsofaffi ya zaɓi ɗaya: ko gari ko teku.

Kasuwar Balogun wuri ce da ayari ke watsewa cikin minti kaɗan, saboda lungunanta sun yi kama da juna. A kasa mutane gida-gida da babba a kan kowane, a tsayar da mahaɗa, a rubuta lambar jagora a saka wa kowane yaro a aljihu. Wanda aka bari a baya kada ya sa ran zai hau acaɓa ya cim ma mota, domin gwamnatin jiha ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomin Lagos Island da Eti-Osa tun watan Yunin 2022.

Kurakuran da suka fi haɗari a kan ruwa ake yin su. Tarkwa Bay ba ta da hanyar mota, sai a jirgi, daga tashar Five Cowries da ke Falomo ko daga wajen Marina. Hukumar LASWA mai kula da sufurin ruwa a jihar ta wajabta rigar kariya, amma sai ka ga mutum ya rataya ta a kan babbar riga bai ɗaure igiyarta ba, ko uwa ta rungume yaro ba a sa masa komai ba. Rigar da ba a ɗaure ba tana iya suɓucewa ta kai da zarar mutum ya faɗa ruwa. Haka kuma ayari yakan matsa wa mai jirgi ya kwashe kowa a sahu ɗaya don kada a rabu, alhali yin sahu biyu ya fi a wuce adadin kujeru. A daidaita kuɗin zuwa da na dawowa kafin a shiga, a karɓi lambar mai jirgin, a bar gaɓa tun rana tana sama, domin hukuma ta hana tafiyar dare. A watannin Yuni da Yuli, da ruwan sama ya fi ƙarfi, ɗage tafiyar ya fi.

Akwai kuma matasan da suka koyi iyo a kogi ko kududdufi, suke ɗaukan teku haka take. Igiyar Atlantika idan za ta koma tana janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, ta ja mutum ciki. Cikin lungun Tarkwa ruwan yana da sauƙi saboda shingen duwatsun da aka gina, amma gaɓar da ke fuskantar teku kai tsaye ba wurin gwaji ba ce.

Sauran ƙananan abubuwa ne. A riƙe tsabar kuɗi don kuɗin shiga da hayar rumfa, tunda taransifa takan maƙale. A tafi da tabarma da ruwan alwala, kada kuma a ɗaga waya a ɗauki hoton sojojin ruwa ko wurarensu ba tare da an nemi izini ba.