Yadda za ki auna labarin mai bincike mai gani har hanji

'Yan matan da nake koyarwa a Mabera sun raba gari kan littattafan nan na Turawa: makashi yana ɗauke rayuka ɗaya bayan ɗaya, 'yan sanda sun rasa bakin zaren, sai ga wata mata da ke ganin kisan a mafarki ko in ta taɓa rigar mamaci. Wasu sun ce bokanci ne, wasu ba sa runtsawa sai sun ga ƙarshe.

Ki fara da sanin cewa gaibu na Allah ne, ƙagaggen labari kike riƙe da shi. Sannan ki ɗauki fensir. Duk inda mai binciken ta san wani abu, rubuta a gefen shafi: ta ina ta sani? In mafarkinta kaɗai ya kama makashin, marubucin ya cuce ki, bai bar miki ƙofar hasashe ba. In mafarkin ya kawo rabi, sawun takalmi da gwajin jini da bakin shaidu suka cike sauran, ya yi aiki. A zahiri ma ƙananan abubuwa ke tona asirin masu kisa. Peter Sutcliffe na Ingila, wanda ya kashe mata 13, lambar mota ta bogi ce ta sa aka tsare shi a Sheffield a 1981.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda aka kashe. Ki duba ko an ba su uwa da sana'a da mai kukansu, ko gawa ce kawai a kwance don a nuna wayon makashi. Irin na biyun ba na bai wa ɗalibata aro.