Yadda ake kula da inji mai silindoji jere a kewaye na ƙaramin jirgin sama na rimot

Kafin a tayar da irin wannan inji, a kashe wutarsa, a juya farfela da hannu a hankali sau da yawa, domin mai yakan taru a silindar ƙasa idan jirgin ya daɗe a ajiye. In farfelar ta cije saboda man da ya taru, kada a tilasta mata, don sandar fistan na iya lanƙwashewa. A kwance bujin silindar ƙasa, man ya tsiyaye tukuna. Bayan ya tashi, a auna zafin kowace silinda, wadda ta fi sanyi ba ta cin wuta sosai. Ratar bawul kuwa, wato ɗan gibin da ke tsakanin bawul da abin da ke danna shi, sai injin ya huce ake gyara ta. A Damagaram, lokacin hunturu, a toshe bakin kafireto da tsumma bayan sauka, saboda ƙura tana cinye silinda.