Idan Ka Ji Rauni A Wajen Aiki A Kumasi, Ga Yadda Za Ka Bi Hakkinka

Jama'a wannan magana ta shafi masu aiki a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, da masu injin katako a Sokoban, da leburorin gini da ke tashi daga Aboabo da Asawase tun asuba. Inji ya cinye ma mutum yatsu biyu, masta ya zo asibiti ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya tura ma shi sidi dari biyar ta momo, wato kudin waya, shi kenan magana ta mutu, kowa ya ce kaddara ce. Eh kaddara ce, babu musu, amma diyya ma hakki ce, kuma Ghana na da doka a kai tun 1987, ita ce ake kira PNDCL 187, ta hau kan gwamnati da masu kamfani da duk wanda ya dauki mutum aiki, ko da baki kawai aka yi yarjejeniya, har yaron da ke koyon sana'a yana ciki. Sojoji na cikin wadanda aka ware.

Farko dai asibiti, ko Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa, kuma wajen bude kati ka fada ma likita gaskiya cewa a bakin aiki abin ya faru. Nan ne mutanenmu ke cutar kansu, masta sai ya rada maka ka ce a gida ka fadi don kar a kawo mai matsala, kai kuma don kunya ka yarda, to ranar da za a nemi shaida wannan katin ne zai karyata ka. Duk rasit na magani, hoton kashi, takardar sallama, a hada a leda daya a ba wani mai hankali a gida ya ajiye. A dauki hoton ciwon da injin da waya, a rike sunan wadanda ke wajen lokacin.

Sannan ka sanar da mai aikin a rubuce, ko sakon WhatsApp ne mai kwanan wata ya fi fada da baki. Dokar kwadago ta 2003 ta ce shi ma dole ya kai rahoton hadarin ga hukuma cikin kwana 7, amma kar ka zauna jiran shi, kai ko dan uwanka ku taka zuwa ofishin leba ku fada masu. Abin da ya fi komi: wata 6 ne wa'adin sanarwa da neman diyya daga ranar hadarin, in rasuwa ce daga ranar rasuwar. Kuma wata shida ba wuya, yau masta ya yi tafiya, gobe a bari sai bayan sallah, jibi dattawan zango sun ce a yi hakuri za a zauna, kafin ka ankara lokaci ya wuce. Sulhu ba laifi ba ne, amma a shigar da takarda tukuna sai a zauna.

Kudin asibiti na mai aikin ne, kuma bai kamata albashinka ya ragu ba muddin kana jinya. Bayan ciwon ya lafa likita ne zai auna kashi nawa cikin dari ka nakasa, jami'in leba ya yi lissafi da wannan. In mutum ya nakasa gaba daya har abada, diyyar albashin wata 96 ce, in kashi 10 likita ya rubuta kaga wata 9 da 'yan kai kenan. In rai aka rasa, iyalin da yake ciyarwa na da albashin wata 60. Shi ya sa ka tanadi shaidar abin da ake biyan ka, ko tarihin momo ne, don masu biyan kudin yini a hannu su kan rage adadin in an zo lissafi.

Kar ka dangwala yatsa a takardar da ba ka iya karantawa ba, ka ce sai a gaban jami'in leba ya fassara maka. Sai dai fa ka sani, in an tabbatar giya ko kwaya ce ta jawo hadarin, ko da gangan ka ji ma kanka, babu diyya, masu shan tramol don karfin aiki ku ji da kyau.

In mai aikin ya ki biya, maganar kotu za ta je, wanda ba shi da kudin lauya ya nemi Legal Aid, ofishin da ke taimaka ma marasa hali da lauya, in kuma korar ka aka yi saboda ka nemi hakkinka to hukumar kwadago ta kasa, National Labour Commission, ke sauraron irin wannan, dan kungiyar kwadago kuma ya fara da shugabannin kungiyarsa. Wanda ake biya ma SSNIT, asusun fanshon ma'aikata, kuma ciwon ya hana shi aiki kwata-kwata, ya tambayi fanshon nakasa, sharadin shi ne an zuba mai na wata 12 cikin wata 36 na baya, sannan kwamitin likitoci ya tabbatar. Wannan daban yake da diyyar da ke kan mai aikin.