Yadda Direban Tifa Zai Kauce wa Kifewa a Wurin Gini

'Yan'uwa direbobin tifa a wuraren gini na Jidda da Makka, kada ku ɗaga bodi sai kun tabbatar motar tana tsaye a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri, domin nauyi yana komawa sama, kuma jiƙaƙƙen yashin da ya maƙale a gefe guda ya isa ya kifar da ita. Ku nisanci bakin rami, musamman inda aka yi sabon ciko.

Abin da ya fi damuna shi ne masu yin tsalle idan mota ta fara karkata, alhali su take dannewa. Ku ɗaura bel, ku riƙe sitiyari, ku zauna a ciki. Idan wani ya ji rauni, kada a jawo shi da ƙarfi, a kira motar asibiti a 997.