Yadda ake yi wa ƙananan sojojin wasan tebur fenti a yanayin Katsina

’Yan mutum-mutumin da ake wasan yaƙi da su a kan tebur, irin na Warhammer da kamfanin Games Workshop ke yi a Ingila, yawancinsu tsayinsu milimita 28 zuwa 32 ne. Abu ƙarami haka, shafi ɗaya mai kauri ya isa ya toshe ido da ɗinkin riga. A Katsina kuma ga busasshiyar iska, wadda ke daskarar da fentin akirilik tun yana bakin buroshi. Rabin aikin a nan hana fenti bushewa da wuri ne.

Fara da kankare siririn layin da mazubin da aka ƙera ɗan mutum-mutumin a ciki ya bari a jikinsa, da bayan reza. Ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, musamman in na resin ne, wato wani nau’in roba mai tauri, don maiƙon da ake shafa wa mazubi yana hana fenti kamawa. In ya bushe ka liƙa shi a kan murfin gora, ka samu mariƙi, kada yatsa ya riƙa taɓa shi.

Sai firaima, wato shafin share fage da ke sa fenti ya kama jiki. Girgiza gwangwanin minti 2, ka fesa daga nisan santimita 20 zuwa 25, kaɗan-kaɗan, hannu na tafiya. Kada ka fesa da tsakar rana a bazara: feshin zai bushe a iska kafin ya sauka, jikin ya yi kaushi. Da sassafe ne lokacinsa. Mai koyo ya ɗauki firaima mai launin toka. Fentin fesawa na babur kuwa, a kan roba mai laushi yakan ƙi bushewa ya yi ta danƙo, don haka gwada shi tukuna a ƙarƙashin gindin, wato ɗan faifan da mutum-mutumin ke tsaye a kai.

Kada ka zuba fenti a busasshen faranti. Samo robar abinci mai murfi, ka shimfiɗa tishu ninki 4, ka jiƙa shi sosai ba tare da ruwa ya kwanta ba, ka ɗora takardar da masu gasa kek ke shimfiɗawa. A kanta za ka ɗiga fenti, danshin na ratsowa daga ƙasa, ya yi sa’o’i bai bushe ba. Canza tishun duk bayan kwana biyu, in ba haka ba zafi zai sa ya yi fumfuna. Ka kau da fanka daga teburin.

Ɗigon fenti ɗaya, ɗigon ruwa ɗaya, daga nan ake farawa. Shafa a farcen babban yatsa: in ya bar sawun buroshi ya yi kauri, in ya gangara gefe ruwa ya yi yawa. Shafin farko zai fito dabbare-dabbare, haka ake so. Na biyu ko na uku ne ke rufewa. Wurin da ya soma bushewa kada ka koma masa, fentin zai yage ya dunƙule. Masu koyo na son buroshi lamba 000, alhali shi ne mafi saurin bushewa don ba ya riƙe ruwa. Lamba 1 ko 2 mai tsinin baki ya fi. Tsoma rabin gashin kawai, kada fenti ya kai ƙarfen da ya riƙe shi, nan ne bakin ke wargajewa.

A ce mahayin doki ne: fara daga ciki zuwa waje, fata, riga, alkyabba, sannan linzami da takobi. Ja da rawaya ba sa rufewa da kyau, sai ka shimfiɗa ruwan ƙasa a ƙarƙashin ja, fari a ƙarƙashin rawaya.

Bayan nan sai tsinkakken fenti mai duhu da ke shiga lungu ya fito da inuwa, kamar Agrax Earthshade na Games Workshop a kan fata da tufa, ko Nuln Oil a kan ƙarfe. In ya taru a fili zai bushe ya bar tabo mai zobe, ka tsotse shi da buroshi mai ɗan danshi tun da ransa. Gezar doki da wutsiya kuma, ɗauki tsohon buroshi da launi mai haske, ka goge a tishu har ya kusa daina fita, ka share a giciye. Tudun ne kawai zai ɗauka.

Gindin, shafa Top Bond da aka ɗan tsinka, ka barbaɗa rairayin da aka tankaɗe, ka ba shi launin jar ƙasa. Da hunturu duk lokacin da ka tashi ka kifa roba a kan aikin, don ƙurar da ta sauka a ɗanyen fenti ba ta fita.

Ƙarshe banish marar ƙyalli, wato shafi marar launi da ke kare fentin. Kada ka fesa shi ranar hadari a watan Agusta, laima na sa ya yi fari-fari. In hakan ta faru, shafa banish mai ƙyalli da buroshi, ya bushe sarai, sannan ka sake fesa marar ƙyallin ranar da gari ya washe.